Skubal, Skenes ko Crochet: wa zai zama gwarzon masu jifa a kakar besbol ta 2026?

A watan Nuwamban 2025 ne ƙungiyar marubuta wasan besbol ta Amurka ta sanar da waɗanda suka lashe kyautar Cy Young, wadda ake ba mai jifan da ya fi kowa a kowane ɗaya daga rukunoni biyu na babbar gasar MLB. A rukunin American League, Tarik Skubal na Detroit Tigers ne ya sake ɗauka, shekara ta biyu a jere. A National League kuwa Paul Skenes na Pittsburgh Pirates ya lashe, kuma duk masu zaɓe 30 shi suka sa a gaba, ba wanda ya ware. Abin da zai ɗaure wa baƙon wasan kai shi ne Skenes ya kammala kakar da nasara 10 da rashin nasara 10. Da a shekarun 1980 ne, da wuya a ji sunansa a cikin 'yan takara ma. Duk wanda ke son yin hasashen gwarzon 2026, sai ya fara gane abin da ya canza a yadda ake auna mai jifa, in ba haka ba zai yi ta ƙidayar abin da masu zaɓe suka daina kallo.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga shi a taƙaice. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, tazarar mita 18 da ɗoriya tsakaninsa da mai bugu, ya jefa ƙwallo ga abokinsa mai cafka wanda ke tsugune a bayan mai bugun. Akwai wani akwati da ido ba ya gani, daga gwiwar mai bugu zuwa ƙasan ƙirjinsa. Idan ƙwallo ya ratsa akwatin bai buga ba, ko ya kai bugu ya kuskure, an ƙirga masa ɗaya. In ya kai uku an kore shi. Idan kuma mai jifa ya kauce wa akwatin har sau huɗu, mai bugu ya samu tafiya kyauta zuwa tasha ta farko. Da zarar an fitar da mutum uku sai ƙungiyoyin biyu su yi musaya, in kowacce ta yi nata bugun zagaye ya ƙare, wasa kuma zagaye tara ne. Ana cin maki ne idan mai bugu ya zagaye tashoshin fili ya dawo inda ya fara. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, amma mai jifan da ke buɗe wasa sau ɗaya yake fitowa a kwana biyar ko shida, wato kusan wasa 32. A cikin waɗannan 'yan fitowa ne ake yanke masa hukunci.

Tsawon shekaru ana auna mai jifa ne da yawan nasara. Ba abin mamaki ba ne, domin mutumin da aka sa wa kyautar sunansa, Cy Young, ya yi nasara 511 a rayuwarsa ta wasa, adadin da ba wanda zai sake kusanta. Ya rasu a 1955, aka fara ba da kyautar a 1956, Don Newcombe ya fara ɗauka, kuma sai a 1967 aka raba ta biyu, kowane rukuni da tasa. Matsalar ƙidayar nasara ita ce rabin aikin ba a hannun mai jifa yake ba. Ana rubuta masa nasara ne idan ya yi aƙalla zagaye biyar, ya bar fili ƙungiyarsa na gaba, kuma waɗanda suka karɓe shi ba su zubar da wasan ba. In abokansa ba su ci maki ba, ko ya yi jifan da ba a taɓa gani ba, babu nasara. Daidai yake da a tuhumi mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa don 'yan gaba sun kasa zura ƙwallo. Ranar 18 ga Mayun 2025 Skenes ya yi wasan gaba ɗaya shi kaɗai a Philadelphia, maki ɗaya tak aka ci shi, aka tashi 1 da 0, aka rubuta masa rashin nasara. Pirates ita ce ƙungiyar da ta fi kowa ƙarancin maki a gasar 2025, ta ƙare da nasara 71 da rashin nasara 91. Laifin wa ke nan?

An daɗe ana yin wannan zalunci kafin a farga. A 1990 Bob Welch na Oakland ya yi nasara 27, aka ba shi kyautar, alhali Roger Clemens na Boston ya fi shi hana maki nesa ba kusa ba. Welch yana cikin ƙungiyar da ta ci wasa 103 ne a shekarar. A 2005 aka maimaita, Bartolo Colón ya ɗauka da nasara 21, aka bar Johan Santana wanda ya fi shi a kusan kowane fanni. Iska ta fara juyawa ne a 2010, lokacin da Félix Hernández na Seattle ya lashe da nasara 13 da rashin nasara 12. Jacob deGrom na New York Mets ya ƙarasa binne tsohon ma'aunin a 2018, da nasara 10 da rashin nasara 9.

Ma'aunin da ya maye gurbinsa shi ne ERA, wato matsakaicin makin da ake ci a hannun mai jifa a kowane zagaye tara, ban da wanda kuskuren masu tsaron fili ya jawo. Matsakaicin gasar yana kaiwa 4 da 'yan kai a 'yan shekarun nan. Wanda ya sauko ƙasa da 3 gwani ne, wanda ya sauko ƙasa da 2 kuwa ya shiga sahun da ba a cika gani ba. Welch yana da 2.95 a 1990, Clemens 1.93. DeGrom yana da 1.70 a 2018. Skenes ya yi 1.96 a shekararsa ta farko, 1.97 a ta biyu. Skubal ya yi 2.39 a 2024, ya sauko 2.21 a 2025.

Sai dai ERA ma ba ta faɗin gaskiya duka, kuma a nan ne mai hasashe ke rabuwa da mai ba da labarin abin da ya wuce. A 2001 wani mai nazarin alƙaluma, Voros McCracken, ya wallafa binciken da ya girgiza masana wasan. Ya nuna cewa da zarar mai bugu ya taɓa ƙwallo ya faɗa cikin fili, ikon mai jifa a kan abin da zai biyo baya kaɗan ne. Kusan uku cikin goma na irin waɗannan ƙwallaye suna zama bugu mai amfani, ko a hannun gwani ko a hannun ɗan koyo, kuma wanda ya yi sa'a bana ba lalle ya yi baɗi ba. Ƙwallon da aka buga da ƙarfi yana iya faɗawa kai tsaye cikin safar hannun mai tsaro, wanda aka ɗan taɓa kuma ya sulale tsakanin mutum biyu. Abubuwan da suka rage a hannun mai jifa shi kaɗai uku ne: mutum nawa ya kora, mutum nawa ya ba tafiya kyauta, da sau nawa aka buga masa ƙwallo ya tsallake katanga. Daga nan aka samar da ma'aunin FIP, wanda ke tattara waɗannan ukun kawai. An yi ta gardama a kan binciken, an kuma gyara shi, domin akwai masu jifan da suka iya tilasta bugu marar ƙarfi shekara da shekaru. Amma ginshiƙin maganar yana nan daram: idan kana son sanin abin da mutum zai yi baɗi, kora da tafiya kyauta sun fi ERA ta bana faɗa maka gaskiya.

Akwai kuma batun fili. Filayen besbol ba girmansu ɗaya ba. A Denver, inda filin Coors yake a tudu mai tsawon kusan mita 1,600, iska ba ta da kauri, ƙwallo yana tafiya nesa, jifa mai lanƙwasa kuma ba ya lanƙwashewa yadda ya kamata. A Fenway Park na Boston akwai doguwar koriyar katanga mai tsawon mita 11 a ɓangaren hagu, kusa ƙwarai, wadda ke mayar da ƙwallon da za a cafke a wani fili ya zama bugu mai amfani. Zamani ma yana da nasa tasiri. A 1968 Bob Gibson ya yi ERA 1.12, amma a shekarar masu bugu duka a takure suke, har aka rage tsawon tudun jifa daga inci 15 zuwa 10 a shekara mai bi. Ni a wurina 1.74 da Pedro Martínez ya yi a 2000, lokacin da matsakaicin rukuninsa ya kusa 5, ya fi ban mamaki.

Abu na ƙarshe a ma'auni, wanda kuma ya fi raba kan masu zaɓe yau, shi ne yawan aiki. Gibson ya yi zagaye sama da 300 a 1968, ya kammala wasa 28 shi kaɗai ba canji. A 2025 mutum uku ne kawai suka kai zagaye 200 a duk gasar: Logan Webb na San Francisco, Garrett Crochet na Boston da Cristopher Sánchez na Philadelphia. Dalilin raguwar biyu ne. Ƙungiyoyi sun gano cewa idan masu bugu suka ga mai jifa karo na uku a wasa ɗaya sun fara karanta shi, don haka ake cire shi da wuri. Har yanzu magoya bayan Tampa Bay ba su manta yadda koci Kevin Cash ya cire Blake Snell a wasa na shida na gasar ƙarshe ta 2020 ba, yana tsakiyar haskawa da jifa 73 kacal, aka kuma rasa kofin a daren. Na biyu, masu jifan yanzu suna zuba duk ƙarfinsu a kowace jifa, ba kamar na da ba da ke adana ƙarfi don zagayen ƙarshe. A zaɓen 2021 wannan gardama ta fito fili. Corbin Burnes ya yi zagaye 167 da ERA 2.43, Zack Wheeler ya yi sama da 213 da 2.78. Kowannensu ya samu ƙuri'ar farko 12, Burnes ya tsallake da maki 151 a kan 141. Ina cikin masu ganin an tauye Wheeler. Zagaye 46 da ya fi Burnes da su ba ƙaramin abu ba ne, domin duk zagayen da gwani bai yi ba, wani wanda bai kai shi ba ne zai yi.

Da waɗannan ma'aunai a hannu, sai a dubi mutanen.

Skubal bahago ne, an haife shi a 1996, kuma ba wanda ya yi masa kallon tauraro da farko. An yi masa tiyatar gwiwar hannu tun yana jami'ar Seattle, Detroit ta ɗauke shi a zagaye na tara na zaɓen 'yan wasa a 2018, aka sake yi masa wata tiyata a dantse a 2022. Bayan dawowarsa ne ya zama wani mutum dabam. A 2024 ya fi kowa a rukuninsa a nasara, da ERA, da kora: 18, 2.39 da 228. A 2025 ya kori mutum 241, ya ba 33 kacal tafiya kyauta, a zagaye 195. Wato duk mutum ɗaya da ya bari ya wuce a banza, ya kori bakwai. Wannan shi ne adadin da na fi yarda da shi a cikin duk alƙaluman 2025.

Wanda ya kalli wasansa da Cleveland ranar 25 ga Mayun 2025 ya ga yadda abin ke aiki. Makaminsa jifa biyu ne masu fita daga hannu iri ɗaya. Ɗaya ta gudu ce, tana kusan kilomita 157 a sa'a. Ɗayar kuma yana tura ƙwallon can cikin tafin hannu, ya wurga da irin ƙarfin dantsen da ya saba, amma ya iso a makare, gudunsa ya gaza na farkon da kusan kilomita 15 a sa'a, yana nutsewa yana kauce wa mai bugu na dama. Mai bugu yana da ƙasa da rabin daƙiƙa ya yanke shawara. Ya ga dantse ya sauko da sauri, ya kai bugu, sandarsa ta riga ta wuce kafin ƙwallo ya iso, sai ka gan shi ya karkata gaba a kan ƙafa ɗaya. A ranar Skubal ya yi zagaye tara duka da jifa 94, ya kori 13, bugu biyu kawai aka samu a hannunsa, bai ba kowa tafiya kyauta ba. Jifarsa ta ƙarshe, wadda ya kori Gabriel Arias da ita, ta kai mil 102.6 a sa'a, kusan kilomita 165. A zagaye na tara, bayan ya riga ya jefa 93.

Skenes labarinsa kishiyar na Skubal ne. An haife shi a 2002, tsawonsa ya kusa mita biyu, ya fara karatu a makarantar sojan sama ta Amurka kafin ya koma jami'ar jihar Louisiana, Pittsburgh kuma ta ɗauke shi a matsayin na ɗaya a duk ƙasar a 2023. Ya fara wasa a babbar gasa a Mayun 2024, bayan wata biyu aka ba shi buɗe wasan taurari, aka sake ba shi a 2025. Mutane sun fi magana a kan gudun jifarsa, amma abin da ya fi burge ni shi ne bai dogara da gudun ba. A shekararsa ta biyu ya ƙara nau'o'in jifa, yana cakuɗa su, har ya zama mai bugu ba ya iya zaman jiran abu ɗaya. Yana da wata jifa da ta zama tambarinsa, mai sauri amma mai nutsewa a daidai lokacin da sanda ke isowa, don haka ake yawan buga masa ƙwallo a ƙasa, ba a cika tsallake masa katanga ba. Ya kori 216 a zagaye 187 da ɗoriya. Idan aka kwatanta da Skubal, korarsa ta ɗan gaza, tafiya kyautarsa ta ɗan fi. ERA ƙasa da 2 shekara biyu a jere abu ne da sa'a kaɗai ba ta bayarwa, amma kada kowa ya yi mamaki in ta hau zuwa 2.40 ko 2.50 a 2026 ba tare da ya lalace ba. Haka alƙaluma suke yi, wanda ya yi nisa yakan ɗan dawo wajen tsakiya.

Crochet shi ne mutumin da ya hana Skubal cinye duk ƙuri'un farko a 2025. Huɗu cikin 30 sun tafi wurinsa. Shi ma bahago ne. Ya fara ne a Chicago White Sox a matsayin mai karɓar canji, aka yi masa tiyatar gwiwar hannu a 2022, ya koma buɗe wasa a 2024 ya yi zagaye 146, sannan aka sayar da shi ga Boston a Disambar shekarar. A 2025 ya fi kowa kora a duk gasar da 255, ya fi kowa aiki a rukuninsa da zagaye 205, ya yi nasara 18 da ERA 2.59, rabin wasanninsa kuma a gaban waccan koriyar katanga, a cikin sashen gabas na rukuninsa inda Yankees da Toronto suke. A shekara da yawa wannan ya isa a ɗauki kyauta. Rauninsa biyu: ana tsallake masa katanga fiye da sauran biyun, kuma dantsensa ya yi tsalle daga ƙaramin aiki zuwa babba cikin shekara biyu. Jiki yakan biyo bashin irin wannan.

Sai Yoshinobu Yamamoto na Los Angeles Dodgers, wanda duk wanda ya kalli gasar ƙarshe ta 2025 zai ce shi ne gwarzon duniya. Ya zo daga Orix Buffaloes na Japan, inda ya lashe kyautar Sawamura, ta gwarzon masu jifa a ƙasar, sau uku a jere, da kwantiragin shekara 12 na dala miliyan 325. A watan Oktoba ya kammala wasa biyu a jere shi kaɗai, ɗaya da Milwaukee ɗaya da Toronto. Ya buɗe wasa na shida ya jefa 96, washegari ya sake fitowa a wasa na bakwai ba hutu, ya rufe shi a zagaye na 11, Dodgers ta ɗauki kofi. Ban taɓa ganin jarumta irin wannan a kan tudun jifa ba. Amma ana miƙa ƙuri'un Cy Young ne kafin a fara wasannin fitar da gwani, don haka duk wannan bai shiga lissafi ba. A ainihin kakar ya yi ERA 2.49 a zagaye 173, ya zo na uku. Dodgers tana ba masu jifanta hutu fiye da sauran ƙungiyoyi, domin idonta a kan Oktoba yake, kuma wannan tsari da ke kawo mata kofi shi ne ke rage wa Yamamoto zagayen da yake buƙata. Haka nan Shohei Ohtani, abokin wasansa a Dodgers da ke jifa kuma yake bugu, wanda ya taɓa zuwa na huɗu a 2022 da kora 219. Ya dawo jifa a Yunin 2025 bayan tiyata, ya yi zagaye 47 kawai. Mutumin da ke bugu kowace rana da wuya a bar shi ya kai 180.

Duk wannan kwatance yana tsaye ne a kan wata 'yar jijiya da ke cikin gwiwar hannu. Idan ta tsinke, sai tiyatar da likita Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974, wadda ke cin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin mutum ya dawo. Dubi waɗanda suka lashe kyautar kwanan nan. Sandy Alcantara ya ɗauka a 2022 da zagaye 228, aka yi masa tiyata a Oktoban 2023. Shane Bieber ya ɗauka a 2020, aka yi masa a 2024. Gerrit Cole ya ɗauka a 2023, aka yi masa a Maris ɗin 2025. Burnes ma an yi masa a 2025. Spencer Strider ya kori 281 a 2023, ya fito sau biyu a 2024 gwiwar ta tafi. Wheeler kuwa gudan jini ne kusa da kafaɗa ya katse masa kakar 2025 a watan Agusta, yana tsakiyar takara. Ana ta muhawara ko agogon jifa da aka kawo a 2023, wanda ya rage hutu tsakanin jifa da jifa, yana da hannu. Ƙungiyar 'yan wasa tana zarginsa, hukumar gasar kuma ta fi ɗora laifin a kan neman gudu da murɗa ƙwallo fiye da kima. Ko ma wanne ne, tsoka tana ƙara ƙarfi da atisaye, jijiyar kuwa ba ta ƙaruwa daidai da ita. Abin yana damuna ƙwarai, domin tsarin yana saka wa yaro da kuɗi da suna idan ya jefa da duk ƙarfinsa, sannan shi ke kwanciya a gadon tiyata. Wanda ke ganin ƙuruciyar Skenes garkuwa ce, ya tuna Mark Prior, wanda ya yi nasara 18 da ERA 2.43 a Chicago Cubs a 2003 yana ɗan shekara 22, ya yi wasansa na ƙarshe a babbar gasa a 2006. Shi ne kocin masu jifan Dodgers yanzu.

Wannan ne ya sa sau da yawa gwarzon shekara yakan fito daga inda ba a zata ba. Robbie Ray ya yi ERA 6.62 a 2020, ya lashe kyautar a 2021. Rick Porcello ya yi 4.92 a 2015, ya lashe a 2016. Chris Sale ya yi shekaru yana fama da rauni, aka ɗauka ya ƙare, sai ya ɗauka a 2024 a Atlanta yana ɗan shekara 35. Duk sunan da mutum zai ambata kafin a fara kaka, yiwuwar ya faɗi ta fi yiwuwar ya ci, ko da kuwa sunan ya fi kowane ɗaya daga cikin sauran dama.

Bana kuma akwai sabon abu. Daga 2026 mai jifa, ko mai cafka, ko mai bugu yana iya ƙalubalantar hukuncin alƙali a kan ko ƙwallo ya ratsa akwati, ta hanyar taɓa hularsa, na'ura ta duba nan take. Kowace ƙungiya tana da dama biyu, in ta yi daidai ba a rage mata. Masu cafka sun daɗe da ƙwarewa wajen jawo ƙwallon da ya ɗan kauce su nuna wa alƙali kamar ya shiga. Wannan dabara ba za ta mutu ba, amma a lokutan da wasa ya tsaya a kan jifa ɗaya za ta rage amfani. A ganina masu cin abinci a gefe-gefen akwati su za su fi jin jiki, masu iya jefawa tsakiyarsa a kuskure kuma, irin su Skubal da Crochet, ba abin da zai taɓa su.

To wa zan ɗauka? Idan wasa ɗaya ne gobe, kuma dole in ci, Skubal zan ba ƙwallo. A American League ina tare da shi, duk da cewa ba wanda ya taɓa lashe kyautar sau uku a jere a rukunin. Greg Maddux da Randy Johnson ne kaɗai suka yi, kowanne sau huɗu, duka a National League. Tarihin ba ya jefa ƙwallo, amma masu zaɓe mutane ne, kuma in aka yi kunnen doki sukan karkata ga sabuwar fuska. Haɗarin da ya fi wannan shi ne kwantiraginsa da Detroit yana ƙarewa ne bayan kakar 2026. Idan ƙungiyar ta yi baya zuwa watan Yuli, tana iya sayar da shi, in kuma ya tsallaka ɗaya rukunin alƙalumansa sun rabu biyu. Rick Sutcliffe ya taɓa lashewa a haka a 1984, amma sai da ya yi nasara 16 da rashin nasara 1 a Cubs. CC Sabathia ya yi ERA 1.65 a Milwaukee bayan an sayar da shi a 2008, ya ƙare na biyar. In haka ta faru, hanya ta buɗe wa Crochet.

A National League, da kuma gasar gaba ɗaya, Skenes na zaɓa. Shi ne mafi ƙuruciya a cikinsu, ba a taɓa yi masa babbar tiyata ba, Pittsburgh ta bi da shi a hankali daga zagaye 133 zuwa 187, don haka kaiwa 200 a 2026 ba tsalle ba ne. Masu zaɓe kuma sun riga sun nuna ba za su hukunta shi da raunin ƙungiyarsa ba. Wanda nake ganin zai fi takura masa ba Yamamoto ba ne, Sánchez ne, ɗan Jamhuriyar Dominika, bahagon da ya zo na biyu a 2025 da ERA 2.50 da kora 212 a zagaye 202. Ba ya yawan ba da tafiya kyauta, yawancin abin da ake buga masa a ƙasa yake birgima, kuma tun 2023 kowace shekara aikinsa ƙaruwa yake. Idan ERA ɗin Skenes ta hau zuwa wajen 2.50 kamar yadda nake zato tana iya yi, Sánchez kuma ya sake wuce zagaye 200, za a koma gardamar Burnes da Wheeler, kuma a wannan karon ban tabbata masu zaɓe za su sake juya wa mai yawan aiki baya ba.